Sewela Ba Ta Sauka Daga Gada Ba

Duk wanda ya bi layin bayan tashar mota a Namakgale ya ga wata tsohuwa gajeriya mai hannuwa kamar na maƙeri, tana zaune a gindin itacen ɗanya tana tsince busasshiyar tsutsar itacen mopane da ake ci a faifai, to Sewela Pilusa ke nan. Kada ka kuskura ka yi mata sannu da hutawa. Za ta ɗago kai ta ce maka ita ba ta gaji ba, takarda ce ta ce shekarunta sun cika. Shekara ashirin da uku ta yi a kan gadar kumfa a masana'antar fosfat, kuma har yau idan jiniyar ƙarfe biyu ta kaɗa sai hannunta na dama ya motsa.

A bakin baho ta tashi. Mahaifiyarta, Mosibudi, wankau take yi a gidajen Turawan Phalaborwa, Sewela kuwa tun ba ta kai tsawon bahon ba take ɗauraya. Mosibudi ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san ruwa. Ruwan kogin Lepelle mai laushi ne, da ka goga sabulu sai kumfa. Ruwan rijiyar burtsatse kuwa zartsi gare shi, cinye sabulu yake yi ya bar wata dauɗa a sama kamar madarar da ta tsinke. Idan Sewela ta goga sabulu sau biyu a ruwan da bai cancanta ba, ranƙwashi take sha.

“Taɓa ruwan tukuna,” in ji uwar. “Sabulun ubanki ne da za ki ciyar da rijiya?”

Sewela ta tsani wanki, ta tsani warin hannun uwarta, ta kuma rantse ba za ta mutu a bakin baho ba. Ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya tafi Johannesburg neman aiki ya mance hanyar gida. Wan mahaifiyarta, Kawu Ngwako, shi ya kai sunanta masana'anta, inda ya daɗe yana aiki. Aka ɗauke ta, aka kuma ba ta aikin da aka ga ya dace da 'yar wankau: wanke farantan ɗakin gwaji. Ta gudu daga baho ta faɗa wani bahon, sai dai wannan da albashi.

Dutsen ƙasarmu matalauci ne, kowa ya sani. In ka haƙo shebur ɗari, da ƙyar bakwai su zama fosfat ɗin da ake yin takin zamani da shi. Sai a niƙa dutsen ya zama gari, a dama shi da ruwa a jerin tankuna, a zuba wani man itace mai aikin sabulu, a hura iska ta ƙasa. Ƙwayoyin fosfat su manne wa kumfa su taso sama, a share su cikin kwata, ragowar laka ta nutse a kora ta tafki. A kan tankunan akwai gadar ƙarfe, kuma wanda ke tsaye a kanta shi ne mai aikin. Yana riƙe da ludayi mai dogon mariƙi, ya ɗebo kumfa, ya murza a yatsa, ya san ko a ƙara mai ko a rage iska. Idan kumfa ta tsaya da kauri, masana'anta ta ci. Idan ta kwanta, fosfat ya bi laka, aikin mutum dubu ya tafi a banza.

Shekara tara Sewela tana wanke farantan da ake kawo samfur a ciki, tana murza abin da ya rage a gindinsu. Tun kafin masu farar riga su gama awonsu ta san wane ma'aikaci ya yi gyangyaɗi a kan gada. Da zamani ya juya bayan zaɓen farko da baƙar fata suka kaɗa ƙuri'a, aka liƙa takarda cewa mata ma suna iya neman aikin gada, ita kaɗai ta rubuta sunanta. Ta ci jarrabawar da tazarar da har yau mazan ba sa son a tuna.

Ranar da ta sa hular kwano, Kawu Ngwako ya zo har gida. Bai zauna ba.

“'Yar ƙanwata, kin san mu su wane ne?”

“Na sani, Kawu.”

“Kakanninmu su suka narka tama a gindin dutsen Lolwe tun ba a san Bature ba. Mace ba ta kusantar wurin da ake raba dutse da abin da ke cikinsa. Ko inuwarta ta faɗa kan murhu, ƙarfe ya lalace. Kin fi su sani ne?”

“Kawu, murhu ka ce. Wannan ruwa ne da sabulu.”

“Au, rashin kunyar har ta kai nan? Ni na kawo ki, kar ki mance.”

“Ban mance ba. Amma faranti ka kawo ni in wanke, kuma na wanke su sun fita.”

Daga ranar ya daina cin tuwon gidanta. A wurin aiki kuwa ya fito da wata ɗabi'a. Al'adar gada ita ce mai tashi ya miƙa wa mai kamawa ludayi hannu da hannu, da ƙarfe biyu na rana. Kawu Ngwako shi ke karɓar aikin yamma na dindindin saboda shekarunsa, don haka daga hannun Sewela zai karɓa. Ya ƙi. Sai ta ajiye ludayin a ƙasa, ta ja da baya taku uku, sannan ya sunkuya ya ɗauka ya ɗauraye mariƙin. Kullum haka, a gaban kowa. Tana dariya a fuska, amma abin yana ci mata rai, domin wannan mutumin shi ya goya ta zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ta.

Manyan ofis su ma sun yi mata nasu gatan. Suka ce mace ba ta aikin yamma ko na dare, don kare lafiyarta. Sauran mazan suna juyawa mako-mako, ita kuwa aka kafe ta a safiya, shida zuwa biyu, Litinin zuwa Jumma'a. Shekarar farko ta wuce lafiya, kumfarta ta fi ta kowa, baki ya mutu.

Sai fari ya zo. Lepelle ta koma rairayi da 'yan kududdufai, giwaye suka riƙa karya shingen masana'anta suna neman abin sha. A watan goma, cikin zafin nan da ke narka kwalta, kumfar Sewela ta fara kwanciya. Da ta hau gada da sa'a guda sai kumfar ta yi sirara ta fashe. Ta ƙara mai, a banza. Ta rage iska, ta ƙara iska, duk ɗaya. Amma da ta sauka ƙarfe biyu, kafin uku da rabi kumfa ta miƙe a hannun Kawu kamar ba ita ba. Asabar da Lahadi, da ba ta nan, lafiya lau.

Kawu Ngwako bai ce komai ba, kuma bai buƙaci cewa ba. Ya dai fara zuwa tun sha ɗaya da kwanon tuwonsa, ya zauna a inuwar matakala yana ci yana kallon sama. Sauran suka yi masa maganar. Wani ya ce a yanka akuya. Wani ya ce ai ko injin ya san mace. Waɗanda suka yi makaranta suka ce su ba su yarda da camfi ba, amma dai lissafi lissafi ne. Su ne suka fi ba ni haushi, don gara mai camfin da ya fito fili.

Mako uku ana haka. Ranar Laraba heluman gada, wato shugaban ma'aikatanta, Shirinda, ya kira ta gefe. Mutumin garin Lulekani ne mai sanyin hali, irin wanda ba ya son rigima ko da gaskiya ce a ciki. Ya miƙa mata takarda mai sa hannun sabon injiniya, wani saurayin Bature mai suna Nel. Daga Litinin za ta koma ɗakin gwaji.

“Ba kora ba ce, Mma Pilusa,” in ji shi, da laƙabin da ake girmama mace da shi a nan. “Albashinki yana nan.”

“Baba Shirinda, kai ma ka yarda inuwata ce?”

“Ni ban ce ba. Amma tan nawa muka zubar a tafki? Ni ake tambaya. Ki yi haƙuri ki sauka, in abu ya lafa a sake dubawa.”

“Ka taɓa ganin wanda ya sauka aka sake duba shi?”

Ya sosa ƙeya. Ta ninke takardar ta cusa a cikin takalmin aikinta, ta ce a nan ta dace.

Da yamma ta kasa cin abinci. Ba tsoron talauci ba ne, tunda albashi na nan. Abin da ya tsaya mata shi ne ita ce ta farko, kuma in ta sauka a haka an rufe ƙofar ke nan da sunanta. Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, wanda ba ta gaya wa kowa ba sai da ta tsufa: a can ƙasan zuciyarta ta fara tambayar kanta ko Kawu ne ke da gaskiya.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma wani tiyo ya ɓalle ya watsa mata laka tun daga kai har ƙirji. Mazan da ke ƙasa suka kwashe da dariya. Ta cire ɗankwalin da take ɗaurawa ƙarƙashin hula, ta je famfon da ke ƙarshen gada, wanda ruwansa ɗaya ne da na tankuna. Ta ciro guntun koren sabulu daga jakar abincinta, don 'yar Mosibudi ba ta fita babu sabulu. Ta goga, babu kumfa. Ta sake gogawa, sai ta ji kamar ranƙwashin uwarta ya sauka a tsakar kanta. A kan ruwan ga dauɗar nan tana yawo, irin ta madarar da ta tsinke.

Ta tsaya tana kallon hannunta. Ta ɗiba ta kai baki ta tofar. Zartsi.

Da aka tashi ba ta tafi gida ba. Ta ajiye wa Kawu ludayi a ƙasa kamar kullum, ta zauna a gindin matakala har ƙarfe huɗu, ta koma famfon. Goga ɗaya, kumfa ta cika mata hannu. Ta tari bokiti guda ta ɓoye a bayan akwatin kayan aiki. Sannan ta bi bututun da ƙafa, cikin rana, har wajen shinge, har bakin tafkin laka. A can ta tarar da sabon injin tura ruwa a kulle da kwaɗo. Mai gadin ƙofa ya gaya mata sauran: da kogi ya ƙafe, ofishin ruwa ya fara maido da ruwan tafki cikin babban tanki don ya ƙara auki, ba tare da ya ga dalilin gaya wa mutanen gada ba. Mai kula da injin shida yake kunnawa, biyu yake kashewa, don da yamma dorinai ke fitowa, babu mai zama a wurin. Asabar da Lahadi kuma hutu yake yi.

Shida zuwa biyu, Litinin zuwa Jumma'a. Sewela ta yi dariya ita kaɗai har mai gadin ya tsorata. Amma da ta ɗaga kai ta ga hadari yana haɗuwa ta gabas, dariyar ta tsaya. Idan ruwa ya sauka a ƙarshen mako, kogi zai kawo, a daina jan ruwan tafki, kumfa ta dawo ranar Litinin daidai lokacin da ita ta sauka. Daga nan kuwa ko jikokinta ba za su iya wanke ta ba. Jumma'a kaɗai ta rage mata.

Ranar Jumma'a ƙarfe goma ta tari bokiti na biyu. Sha ɗaya da rabi, da ta hango injiniya Nel da Shirinda suna zagaye da allon takardu, ta jera bokitan biyu a bakin matakala ta tsaya a tsakiya.

“Yallaɓai, ka ba ni minti biyar.”

“Mma Pilusa, an riga an yanke magana,” in ji Nel, idonsa a kan takarda.

“To ka tsallake ni ka wuce.”

Matakalar ba ta da faɗi, Sewela kuwa tana da shi. Shirinda ya fara ba ta baki, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ta leƙa ƙasa inda Kawu Ngwako ke cin tuwo.

“Kawu, taso ka taimaka wa kakanni. In na taɓa da hannuna za a ce inuwata ce. Ga tsumma, ga sabulu. Ka wanke mini a wannan bokitin, sannan a wancan.”

“Ni? Wanki?”

“Ko tsoro kake ji?”

Ma'aikata sun riga sun taru, babu hanyar gudu. Ya hau yana huci. Ya ɗauki sabulun daga kan ƙarfen gada ya riƙe shi da hannu biyu kamar wanda aka ba wa jariri. Ya tsoma, ya suɓuce. Ya kamo, ya sake suɓucewa. Dariyar da aka yi mata jiya ta dawo kansa da riba.

“Murza shi, Kawu, ba ya cizo. Shekara sittin wa yake wanke maka riga?”

Ya murza a bokitin jiya da yamma, kumfa ta hau masa har gwiwar hannu. Ya koma na safiya ya murza, ya murza, ya ƙara ƙarfi har gumi ya karyo masa. Babu komai sai dauɗa.

“Famfo ɗaya ne,” in ji Sewela. “Wancan ƙarfe huɗu na jiya, wannan ƙarfe goma na yau. Ruwan tafki ake zuba mana da safe, kuma zartsinsa cinye man yake yi kafin ya kai ga fosfat. Ku talatin kuna cin abinci da sabulu tun ina goye, babu wanda ya gane, don babu wanda ya taɓa wanke ko singiletinsa. Duk macen da ke Namakgale da ta gaya muku tun makon farko.”

Nel ya tsoma hannu a bokitan biyu. Fuskarsa ta yi ja har kunne. A yi masa adalci, bai yi gardama ba. Ya ruga ofishin heluma ya ɗaga waya, aka jiyo muryarsa tun daga kan gada. Ƙarfe goma sha biyu aka kashe injin tafki.

Sewela ta koma tsakiyar gada ta tsaya inda inuwarta ta faɗa kan tanki sosai, da gangan. Babu wanda ya tafi cin abinci. Sha biyu da rabi babu canji, ɗaya ma haka. Ɗaya da kwata tankin farko ya fara tofo. Kafin ɗaya da rabi kumfa ta miƙe a jere, mai kauri, tana zuba cikin kwata da nauyinta. Ta ɗebo ta murza, yatsunta suka ji tsakin fosfat. Ta so ta yi kuka amma ta hana kanta, don ba ta ga wanda ya cancanci ganin hawayenta a wurin ba. Uwarta ta tuna, wadda ta rasu ba ta taɓa jin 'yarta ta yaba wa sana'arta ba.

Nel ya hauro yana share gumi. Ya ce an yi kuskure, kuma kai irin nata bai kamata a bar shi a rana ba. Zai nema mata kujerar mai kula da awon ruwa a ɗakin gwaji, da ƙarin albashi na rand ɗari shida da na'urar sanyaya ɗaki.

“Yallaɓai, ɗakin gwajin nan dai da ke cikin takardar Laraba?”

“Wannan ƙarin girma ne.”

“Matakalar sauka guda ɗaya ce, ko da me aka kira ta.” Ta cire takalmi, ta zaro takardar da ta jiƙe da gumi ta ɗora masa a kan allonsa. “Ka gaya wa mutanen ruwa su sa sodar wanki a ruwan tafkin in dole sai an yi amfani da shi, haka mahaifiyata take yi. Ni kuma ka sa ni cikin juyi kamar kowa, safe da yamma da dare. Gatan nan naku ne ya kusa cinye ni.”

Jiniyar ƙarfe biyu ta kaɗa. Kawu Ngwako ya tako ya tsaya inda ya saba, taku uku daga gare ta, idonsa a ƙasa yana jiran ta ajiye ludayi. Hannun rigarsa bai bushe ba.

Ba ta ajiye ba. Ta miƙa masa mariƙin.

“Ajiye mana, 'yar ƙanwata.”

“Bayana ciwo yake yi, Kawu. Na daina sunkuyo.”

Suka tsaya a haka. Ludayin ƙarfe ne, da nauyinsa, kuma ya fara rinjayar hannunta, kowa yana gani. Tanki na huɗu ya fara ambaliya yana neman a rage masa iska, gada kuwa babu mai ita har sai an karɓa. Can gabas aka yi tsawa ta farko. Kawu ya dubi tankin, ya dubi hannun nan da ke miƙe, irin hannun ƙanwarsa Mosibudi sak, faffaɗa, duk tsaga.

Ya miƙa hannu ya karɓa. Yatsunsa suka taɓa nata. Ya juya wajen famfo don ya ɗauraye mariƙin kamar yadda ya saba, ya yi taku biyu, ya tsaya. Sannan ya wuce tanki na huɗu da ludayin a yadda yake.

“Tankin nan yana son ido,” in ji shi, bai waiwayo ba. “Ki gaya wa yara su ajiye mini tuwo ranar Lahadi.”